Asabar ta Ƙarshe a Gidan Misis Tregenza

Jar fitila ta kama. Verna Quill ta matso kusa da makirufo, ta ƙwalla ihu da muryar tsohuwa: "Wane ɗan banza ne ya ɗaure akuya a banɗakina?" Ta buɗe baki za ta ƙarasa ke nan, Clarrie mai haɗa sauti ya buga ƙofar katako, ƙarar ta cinye sauran maganar. Ba laifinsa ba ne. Hedley Marr ne ya ɗaga masa hannu tun lokaci bai yi ba.

Shekara biyu ana watsa wannan wasan kwaikwayo kai tsaye duk yammacin Asabar daga wani ɗan gidan rediyo a Adelaide. Hedley ya rubuta shi, shi ke kuma ba da umarni. A 1932, lokacin da rabin mazan unguwa ke zaune ba aikin yi, mutane kan cika falon duk maƙwabcin da ke da rediyo, su yi dariya har da hawaye a kan masifaffiyar mai gidan haya, Misis Tregenza, da 'yan hayarta. Wani kamfanin biskit ya ɗauki nauyin wasan. Mutum bakwai suka samu abin kai wa baki.

Tun sanyin Yuli, lokacin hunturun ƙasar, abin ya fara lalacewa. Barkwancin na nan a takarda, amma sai ya faɗo ko da wuri ko a makare. Hedley ya daina dariya a wajen gwaji. Ya daina ɗaga waya. In ana masa magana sai ya kafe mutum da ido kamar mai neman faɗa.

"Tsohon soja ya kumbura," in ji Clarrie. "Suna ya hau masa ka, ba ya jin ta kowa."

Verna ce wadda a da Hedley yake rakawa tashar taragon cikin gari, suna tafe yana gwada mata sababbin layuka.

Ran Laraba wasiƙar kamfanin ta iso: sun janye kuɗinsu. Wannan Asabar ce ta ƙarshe.

Da fitila ta mutu, kowa ya ɗauki hularsa ya fice ba tafi ba barka. Verna ta tsaya a bakin ƙofa. Hedley ya juya mata baya, yana jera takardu a akwati.

"Hedley, an ba ni aiki a wani gidan wasa a Sydney. Jirgin ƙasa na tashi Litinin. Ba na son tafiya. Ka ce min in zauna, in zauna, ko ruwan shayi za mu riƙa sha. Kalma ɗaya kawai."

Ya ɗaure takardun da igiya. Ya kwance, ya sake ɗaurewa.

Ta jira, ta ƙara jira, sannan ta ja ƙofar a hankali.

Sai da ya rufe akwatin ya tattara ƙarfin halinsa, ya waiwayo don ya roƙe ta kada ta rabu da shi. Ɗakin fayau. Ya daɗe yana kallon ƙofar, yana mamakin yadda ta iya tafiya ko sallama babu, don tun watan Yuli, kamar yadda likita ya gargaɗe shi bayan ya dawo daga yaƙin Faransa, kunnuwansa biyu suka mutu murus.