Fitilar Barmani

Tun da aka shafe maƙabartar garinmu da siminti aka hana kafa alama, sai ka faɗi sunan mamacinka a ƙofa, wata fitila ta kama a kan kabarinsa. Kowace Juma'a Malam Jatau yana zuwa wajen matarsa Barmani, ya yi mata addu'a, ya ba ta labarin jikoki.

Yau da ya faɗi sunanta, fitilar ta kama can kusurwar gabas, ba gindin katangar da ya saba zama ba.

"Injin nan naku ya rikice," ya ce wa mai gadi.

"Gyara shi aka yi, Baba. Ran da aka zuba masa lambobin kaburbura, a juye suka shiga. Layin kwance ya koma na tsaye, na tsaye ya kwanta. Sai jiya aka lura."

"To wa nake zamar wa duk shekarun nan?"

"Wani baƙo ne da ya rasu a tasha."

Malam Jatau ya jingina da sandarsa. "Danginsa ke nan suke zuwa wajen Barmani?"

Mai gadi ya sunkuyar da kai. "Ba wanda ya taɓa kiran sunansa a ƙofar nan."

Tsohon ya taka a hankali har kusurwar gabas. Ƙura ta yi kauri a wurin, babu sawun kowa. Ya durƙusa, ya share simintin da hannun rigarsa.

"Barmani," ya ce, "wallahi kowace Juma'a ina zuwa."