Inda Ka Kwantar da Ita

Yana danna maɓalli na'urar wasan ta farka, amma ba a inda ya bar ta ba.

Shi kuwa don kada a yi haka ya zaɓe ta a Magaria. Mai shagon ya ajiye masa biyu. Ɗaya sistem ɗinta irin na kwamfutar biro ne, wato ta ofis, tana ɗaukar kowane wasa, sai dai kullum tana neman rezon intanet da lambar sirri. Ɗayar ba ta tambayar kowa komai, inda ka kwantar da ita nan za ka tashe ta. Ga ɗan kabu-kabu mai zaman jiran fasinja kan babur a Kwaya, inda rezo sai an hau tudu, ai ta biyun ce tasa.

Sati guda motarsa ta tsere a cikin wasan tana faɗawa rami a wata kwana mai kaifi. Sati guda innarsa tana kiran abin madubin malalata, har ta yanke hukunci: ranar kasuwar Dungas a sayar.

Yau ce ranar. Ya shigo ɗaukarta, sai ga motar ta wuce ramin, ta ci kofi. Maɓallan suna ƙyalli. Ya shinshina, ya ji man gyaɗa.

A tsakar gida inna tana matsar tunkuza, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Inna, in kai ta kasuwar?"

"Kai ta caji," ta ce. "Kuma ka riƙa rage wuta kafin kwana. Haka kake yi da mutane a bayan babur?"