Ɗan Aiken Minista

Tsohon ya sauka daga adaidaita a Fagge, hanci da baki a rufe da takunkumi, kaftaninsa na lilo a jikinsa kamar na aro. Saƙo ɗaya ya ɗauko: Barista Hamzat Ilu, tsohon Ministan Kasuwanci, yana kwance a asibiti, likitoci sun ce sai dai addu'a, kuma yana roƙon mutanen Layin 'Yan Kwano su yafe masa kafin ya tafi.

Wanda bai taɓa ganin Layin 'Yan Kwano ba, to ya makara. A gefen kasuwar Sabon Gari yake, Bahaushe da Ibo da Bayarabe kowa da rumfarsa ta kwanuka da tukwane. Da wani attajiri ya so ƙwace filin, Hamzat, matashin lauya ɗan Rijiyar Lemo, shi ya sa baƙar rigarsa ya tsaya musu a kotu, ko kwabo bai karɓa ba. Ranar da ya ci shari'ar a kafaɗa suka ɗauko shi har titi. Su suka yi masa yawon neman ƙuri'a ya je majalisa, daga can sai ga shi minista.

Sai ya dawo da jiniya da mutanen wani kamfani, da zanen kasuwar zamani. Shi da ya kare su ya fi kowa sanin inda hujjarsu take da rauni, kuma daidai nan ya taɓa. Katafila ta zo da safe, kafin azahar an share layin. Ginin gilashin da aka dasa a wurin yana nan har yau, rabin shagunansa a kulle, awaki na shan inuwa a barandarsa.

Alhaji Sadisu, wanda a da yake da rumfa mafi girma a layin, yanzu soso da cokula yake sayarwa a kan tebur. Ya saurari tsohon har ƙarshe.

"Allah ya ba shi lafiya," in ji shi.

Ya juya ya ci gaba da jera cokulansa. Sai da tsohon ya yi tari mai tsawo ya dafa tebur, filastar asibiti ta leƙo a bayan hannunsa, sannan Alhaji ya ɗan sassauta.

"Malam, yafiya ba a wurina take ba. Ka je wurin matar Elvis. In ta yafe, duk mun yafe."

Tsohon ya nufi Sabon Gari, yana tafiya yana hutawa. Lungunan sun cakuɗe, amma bai tambayi kowa hanya ba.

Elvis shi ne shugaban 'yan layin. Shi ya nemo Hamzat, kuma a gidansa lauyan yake cin abinci duk tsawon shari'ar, don a lokacin aljihunsa iska ce kawai. Komai aka ba shi ci yake, ban da yaji. Ranar rusau Elvis ya tsaya gaban katafila yana kiran sunan minista, yana rantsuwa kuskure aka yi. A nan ya yanke jiki ya faɗi. Bai sake takawa ba har ya mutu.

Matarsa, Madam Kosisochukwu, haifaffiyar Sabon Gari, doya take soyawa a ƙofar ɗakin haya. Ba zaman kotun da ta taɓa fashi a wancan lokacin, ga shi yau idonta ya shanye hayaƙi. Ta dubi baƙon sau ɗaya, ta tura masa benci da ƙafa. Ta zuba masa doya a faranti, ta kai hannu kan gwangwanin yaji, sai ta fasa.

Bai ci ba, don cin zai sa ya cire takunkumi. Ya miƙe tsaye, ya ja kafaɗar rigarsa ya gyara, ko da yake kaftani ne, babu abin gyarawa.

"Da izininki, Madam."

Ya jero mata komai daki-daki. Matsin lamba ne daga sama. Da minista bai sa hannu ba, wani zai sa. An yi alkawarin ba su shaguna, kamfani ne ya saɓa. Kai, ɗan aike mai baki irin wannan sai an tona! Amma da ya zo kan roƙon kansa, muryar ta karye. Tsoro ne tsagwaronsa, tsoron shiga kabari da haƙƙin mutane.

"Me ya hana shi zuwa da kansa?" ta tambaya, tana juya doya.

"Ba ya iya tashi."

"Elvis ma bai iya tashi ba. Ni nake juya shi, ni nake wanke shi. Kullum sai ya sa in buɗe ƙofa, wai Barista zai zo ya yi masa bayani. Ko ɗan aike ba mu gani ba."

Tsohon ya sake jan kafaɗar rigar. Mai yana tafasa a kasko, yara 'yan makaranta sun fara layi.

Ta ɗauke farantin daga kan benci, ta juye doyar cikin tire.

"Ka koma ka ce masa ban yafe ba, mu haɗu a can," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba. "Kuma ka daina jan rigar nan haka, Barista. Nan ba kotu ba ce."