Kwalbar Wuse

Rumaisa ta janye kofin da uwar mijinta ta miƙo wa yara.

"Inna, ki yi haƙuri, ba zan ɗura musu citta da kanumfari don mura ba. Nan Abuja ce, ba ƙauye ba."

"Shi mijinki ya sha har ya girma," in ji Inna Lantana. "Tukunyata kuwa ba za ta sauka ba."

Rumaisa ta sayo wata kwalbar maganin mura mai ƙyalli a kasuwar Wuse. Kwana biyu, murar ta lafa. A gaban Inna ta kira lambar jikin kwalbar don a ƙaro mata.

Sai waya ta yi ƙara a haɓar zanin Inna. Tsohuwa ta ɗauka tana kallon Rumaisa.

"Guda nawa za a kawo, 'yar birni?"