Wuyan Shugabar 'Yan Dako

Da manyan kasuwa suka shigo wurin taro, kowa ya sunkuyar da kai, ban da sabuwar shugabar mata 'yan dako. Ta dubi babbansu ido cikin ido ta ce, "Alhaji, mun gaji da kwana a bakin kwata. Ko ku ba mu rumfa, ko gobe kowa ya ɗauki buhunsa da kansa."

Aka ba su rumfar. Labari ya zaga unguwannin Nima da Maamobi: ga macen da ba ta sunkuya wa manya. Shekara na zagayowa, unguwa ta zaɓe ta kansila.

Ranar rantsuwa, ana ta guɗa a waje, mahaifiyarta ta ja ta ɗaki, ta zare mata ɗankwali, tana murza mata man kaɗanya a ƙeya.

"Maa, suna ta cewa jarumta ce."

"Bar su," in ji tsohuwar. "Kina famfara kika fara dakon doya. Wuyan nan ya daɗe da daina lanƙwasuwa." Ta ƙara lakato man. "Amma maganar rumfa, ai ba wuya ne ya faɗe ta ba."