Yaya Ka Kwatanta Ni?

Malamin lissafi ya tsaya a ƙofar shagon ɗinkinta yana murza 'yan yatsu.

"Na yi wa Mama maganar aurenmu," ya ce. "Ta amince."

Ta tsayar da keke ta dube shi. Shekara tara rabonta da faɗuwa, amma har yau in ta wuce layin sai mata su janye 'ya'yansu, kamar tana nan kwance a bakin famfo, kumfa a baki, jama'a sun yi mata zobe.

"Da ka gaya mata, yaya ka kwatanta ni?"

Ya sunkuyar da kai.

"Faɗa mini, Malam."

"Don ta gane ne kawai. Na ce mai farfaɗiyar nan."

"Rigunan Mama huɗu na ɗinka. Da ka ce mai ɗinki ma, za ta gane."

"Ki yafe mini."

"Na yafe, amma ba zan iya ba. Waccan mai farfaɗiyar ka nema da aure, ni kuwa na gaji da zama da ita."

Ya kira sunanta na yanka a hankali. Sai da ta ɗan jima kafin ta tuna nata ne.