Gwajin Janar a Gonar Gero

Usur na uku ke nan Alhaji Sada ya busa, karensa Janar kuwa ko waiwaye bai yi ba. Yana can ƙarƙashin dalbejiya yana tauna takalmin maigidan.

Wata huɗu da suka wuce Alhaji ya shigo gidansa na Ƙofar Sauri da ɗan kwikwiyo mai dogayen kunnuwa a cikin kwali. Ya yi ritaya daga aikin gandun daji, autarsu Rashida ta tare a gidan miji, gida ya yi tsit. Wani tsohon abokin aiki ne ya ba shi, ya ce irin karnukan nan ne da ba sa bin tsuntsu da gudu. In sun shinshino shi sai su ƙame, ƙafa ɗaya a sama, hanci na nuna inda ya laɓe, har sai an ba su izinin tashinsa.

Matarsa Hajiya Safara'u ta leƙa kwalin sau ɗaya ta ja tsaki. "Kare a gidan da nake salla? Mi ya yi zafi, Alhaji?"

Maganar ta kai gaban Malam Gwadabe, limamin unguwa. Malam ya ce karen farauta ya halatta a ajiye, na ado kuwa babu. Ya yanke cewa in an gama girbin gero za a fita daji a gabansa. Idan Janar ya nuna tsuntsu kuma ya tashe shi da umarni, ya zauna. Idan ya kasa, ranar zai bar gidan.

Alhaji ya ɗaura ɗamara. Ya sayi usur, ya ɗaura fiffiken zabo a bakin sanda, ya haddace wasu kalmomin Turanci daga bidiyon waya. Da yake kunnensa ya fara nauyi, sai ya ƙure murya, har maƙwabta ma suka haddace. Kullum bayan asuba ana horo, kuma kullum Janar ne ke cin fiffiken. Da hantsi Alhaji ya ɗaure shi a bayan gida, ya tafi majalisa yana ba da labarin irin cigaban da ake samu.

A makon farko Janar ya halaka 'yan tsakin Hajiya uku. A wata na biyu ɓarnar ta tsaya cak, Alhaji ya ce aikin usur ne. Karen ya yi ta ƙiba duk da awon abincin da yake yi masa, ya ce ai jinin Turai ne, iska ma ƙiba take sa su. Ya taɓa tsintar tsohuwar muciya duk shatin haƙori a kusa da turken, ya yi maza ya ɓoye ta kada Hajiya ta gani a yi tashin hankali.

Gaskiyar da bai faɗa wa majalisa ba ita ce yana son karen nan har cikin ransa. Shi kaɗai ne ke murnar dawowarsa da tsalle. Tunanin mayar da shi cikin kwali ma yana hana shi jin daɗin tuwo.

Da aka gama girbi, ranar Asabar da safe suka fita gonakin bayan Kambarawa, Malam da Janar da Alhaji rataye da bindigarsa ta harbin tsuntsu. Hajiya ko sallama ba ta fito yi musu ba.

Janar ya bi fara, ya bi leda, ya yi wa wani jaki haushi. Malam ya duba agogo ya yi gyaran murya.

Sai ga ikon Allah. A bakin wani tarin kara karen ya tsaya cak. Ya ɗaga ƙafar dama, wutsiya ta miƙe, hanci ya nuna gindin ciyawa. Can ciki fakara ce ta lafe.

"Ka gani, Malam? Ka ga aiki?" in ji Alhaji cikin raɗa, ƙirjinsa har ya ƙara faɗi.

"Na ga rabi," Malam ya ce. "Saura ya tashe ta."

Alhaji ya yi bisimilla ya busa usur. Shiru. Ya zubo Turancinsa kaf, har da wanda bai san ma'anarsa ba. Ya tafa, ya roƙa, ya kira shi Janar, ya ƙara masa girma zuwa Fil Mashal. Kare dai kamar an dasa shi, ƙuda ma ya sauka a hancinsa bai kore ba. Malam ya fara kakkaɓe rigarsa alamar tafiya.

Nan waya ta yi ƙara a aljihu. Hajiya ce, kuma kamar kullum ya sa ta a lasifika.

"Alhaji, in za ku dawo ka biyo mini da daddawa."

"Ki ƙyale ni da daddawa! Ya nuna, amma ya ƙame ya ƙi motsi. Kin samu abin da kike so, yau zai tafi."

"Miƙa wa Malam wayar ya kai kusa da kunnen karen."

Alhaji ya miƙa, a ransa yana cewa zagin bankwana za ta yi masa. Malam ya lallaɓa ya kai wayar kusa da karen.

Kunnen Janar ya motsa. Ya zabura cikin ciyawar, fakara uku suka tashi fir. Malam ya yi kabbara, ya ce wannan kam karen farauta ne, ya zauna.

Alhaji kuwa ko kunamar bindiga bai taɓa ba. Yana tsaye baki buɗe, don duk nauyin kunnensa ya ji abin da wayar ta faɗa, da muryar da ake lallashin Rashida tana ƙarama:

"Ya isa, Autana, wannan ba kazata ba ce. Je ka, ƙanzonka na nan na aje maka."